Baƙin mai 0W-20 ko 20W-50, kuma bayan tafiya nawa ake juye?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen masana mota. Na sayi Corolla 2013 'yar Amurka, mitarta na nuna 140,000. A jikin murfin da ake zuba baƙin mai an rubuta 0W-20. Makanikena ya ce in manta da wannan rubutun, man ƙasar ƙanƙara ne, a zafin Kano ruwa zai koma, in zuba 20W-50 kamar yadda kowa yake yi. Mai shagon da na je tambayar kuɗi kuma ya ce in sayi sintetik, wato man da aka haɗa da sinadarai a masana'anta, zan yi 10,000 ban yi juye ba. Ƙanena ya ce shi duk ƙarshen wata yake juyewa. Motar nan da guminta na saya, ba na son in kashe injin da hannuna. Wanne zan zuba, kuma yaushe zan riƙa juyewa?

Abu Fatima:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare. Abin da aka rubuta a murfi shi za ka bi. Wanda ya ƙera injin ya fi kowa saninsa.

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa ta alheri ce. Ni dai abin da idona ya gani a gareji zan faɗa, ba abin littafi ba. Motar da ta yi 140,000 ba sabuwa ba ce, ringi ya ci, metal ya ci. Ka zuba mata mai mai ruwa-ruwa, sai ta riƙa shanye shi a ɓoye, mai mota bai sani ba tunda ba duba geji yake yi ba. Rana ɗaya yana kan hanyar Zariya jar fitila ta kawo, kafin ya gangara gefe inji ya buga. Irin waɗannan na sauke su ba adadi. Mai kauri yana riƙe inji, yana rage ƙara, kuma ko'ina ka shiga za ka same shi. Su Fijo 504 da 505 da aka haɗa a Kaduna da me suka yi shekara ashirin suna ɗaukar kaya? Da 20W-50 ne. Golf 3 da Sharon da ke lodi a tasha yau da me suke tafiya? Shi ne dai.

Injiniyan Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka a kan 504 da Golf 3 gaskiya ce, ba mai ja. Amma injinsu daban, na Corolla 2013 daban, kuma a nan ne ake samun matsala.

Bari in fara da lambobin, don yawancin rigimar daga rashin fahimtarsu take tasowa. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta tsara su. Lambar farko mai harafin W a jikinta tana nuna yadda man yake gudu idan inji na sanyi, wato lokacin da ka tayar da mota da asuba. Ƙaramar lamba, saurin isa ko'ina. Lamba ta biyu kuma kaurin man ne idan ya yi zafi, ana auna shi a digiri 100 na Salshiyas. Saboda haka 0W-20 ba yana nufin man ba shi da kauri ko kaɗan ba. Kowane mai yana yin kauri da sanyi ya saki da zafi, kamar yadda manja yake daskarewa da hunturu ya narke a tukunya. Abin da lambobin ke gaya maka shi ne iyakar daskarewar da iyakar sakin.

To maganar zafin Kano. Ko a watan Afrilu da rana ke kai digiri 42 ko 43, cikin inji ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ruwan lagireto yana aiki ne a wajen digiri 85 zuwa 95, baƙin mai kuma yana zagaye 100, ko a Kano ko a Kanada, domin tamostat da fanka su ke tsayar da zafin. Jihohin Arizona da Texas a Amurka suna zafi kamar Sakkwato da bazara, kuma Corolla ɗin can 0W-20 suke sha.

Abu na biyu, injin wannan motar, 2ZR-FE, yana da tsarin VVT-i. Baƙin mai ne da kansa yake tura abin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi da wani ɗan rariya da bai kai kan ɗan yatsa ba. Abin da ke ɗaure sarƙar taimin ma yana amfani da ƙarfin mai. Idan man ya yi kauri da yawa, musamman da sanyin safiya, yana ɗaukar lokaci kafin ya hau sama, kuma cin ƙarfe mafi yawa a waɗannan daƙiƙun farko yake faruwa. Ga shan fetur da yake ƙaruwa, tunda inji yana wahalar juya mai nauyi. A tsadar fetur ta yanzu wannan ma abin dubawa ne.

Direban Kano-Abuja:
Injiniya, ban ƙi taka ba, amma ina da tambaya. Wani abokin aikina yana da Corolla da aka saya sabuwa a nan, ba ta Amurka ba. Na buɗe littafinta da idona, akwai jadawali a ciki da ya nuna 5W-30, 10W-30, 15W-40 har da 20W-50, kowanne da zafin garin da ya dace da shi. In 20W-50 kashe inji yake yi, me ya sa kamfanin ya saka shi a littafi?

Injiniyan Zariya:
Tambaya mai kyau, kuma abin da ka gani haka yake. Littattafan da ake bayarwa a ƙasashen Larabawa da Afirka da Ostireliya sukan ba da zaɓi mai faɗi fiye da na Amurka. A Amurka akwai dokar rage shan fetur da ta matsa wa kamfanoni, shi ya sa suke rubuta mafi siriri kaɗai. Don haka ban ce cokali ɗaya na 20W-50 zai tarwatsa inji ba. Abin da nake cewa shi ne, a cikin jadawalin nan shi ne na can ƙarshe, wanda aka yarda da shi in babu wani, ba shi ne na farko ba. Kuma ka lura, yawancin 20W-50 da ke kasuwarmu man gargajiya ne mai tsohon mataki, yana saurin ƙonewa ya bar dauɗa. Ba kaurin kaɗai ba ne damuwata, har da ingancin.

Ga Abban Sadik kai tsaye: idan injin ba ya hayaƙi, ba ya shan mai, ka zuba 0W-20 ko 5W-20 na gaske. Idan ka ga yana rage mai tsakanin juye da juye, ko kana yawan doguwar tafiya da kaya da na'urar sanyi a kunne, ka hau mataki ɗaya zuwa 5W-30 sintetik. Wannan ba zai cutar da komai ba, kuma shi ne ya fi sauƙin samu mai kyau a nan. Tsallake daga 20 zuwa 50 ne ban yarda da shi ba.

Baba Makanike:
To Injiniya, 5W-30 ɗin na yarda da shi, ina zuba wa masu Camry da Accord. Amma ka gaya wa yaron nan gaskiya: ya riƙa zaro geji. Duk man da za ku zaɓa masa, in bai duba ba aikin banza ne. Mutane suna jira fitilar mai ta kawo, alhali wannan fitilar ba ta ƙarancin mai ba ce, ta faɗuwar ƙarfin mai ce. In ta kawo kana tafiya, ɓarna ta riga ta fara.

Abban Sadik:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Injiniya. Yaya ake duba gejin yadda ya kamata? Ni dai ina ganin yaran gidan mai suna zarowa su mayar.

Baba Makanike:
Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ba gangare ba. In ka yi tafiya, ka kashe ta ka ba ta kamar minti biyar mai ya sauko, ko kuma ka duba da safe kafin ka tayar. Ka zaro gejin, ka goge shi tas da tsumma mai tsabta, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Akwai ɗigo biyu a bakinsa. Mai ya tsaya tsakaninsu, kusa da na sama. In ya sauko kan na ƙasa, lita ɗaya ko fiye ta tafi. Kada kuma ka cika ya wuce na sama, don in ya yi yawa ƙarfen da ke juyawa a ƙasa zai riƙa dukansa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe, ga shi zai tura sil ya fara yoyo. Ka duba launinsa ma. In ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, gasket ne, kada ka ƙara tayar da ita. In ka shinshina ka ji warin fetur sosai, a duba nozul da fulogi. Sati-sati ka yi wannan, ranar Juma'a kafin masallaci ko ranar da ka ga ta fi maka.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata a kan lokaci ne. Motata Honda ce, daga gida sai makarantar yara sai wajen aiki sai kasuwa, duk a cikin gari. Wata shida na yi ban kai kilomita 2,500 ba. Maigidana ya ce tunda ba na tafiya, in bari sai ta cika 5,000. Haka ne?

Injiniyan Zariya:
Hajiya, da girmamawa ga maigida, irin tuƙinki ya fi na mai doguwar tafiya wahalar da baƙin mai. Duk lokacin da aka tayar da inji da sanyi, ɗan fetur da tururin ruwa suna zamewa ta gefen fistin su sauka cikin mai. In an yi tafiya mai nisa man ya yi zafi sosai, sai su ƙone su fita. Ke kuwa kafin injin ya gama ɗumama kin iso makaranta kin kashe. Haka suke taruwa, man ya tsinke, ya fara yin asid yana cin ƙarfe, daga baya ya zama laka. Shi ya sa kowane littafin mota yake ba da abu biyu, nisa ko watanni, duk wanda ya riga zuwa. Ki riƙa juyewa duk wata shida ko da mitar ba ta motsa sosai ba. Kuma in da hali, sau ɗaya a mako ko biyu a hau titi mai tsawo da ita na rabin awa.

In Hondar taki mai nuna kason rayuwar mai ce a gaban direba, za ki ga tana saukowa daga 100, in ta kai 15 sai ta kunna alamar sifana. Lissafi take yi da zafin inji da juyawarsa, ba ta san ƙurar da ke gari ba, ba ta kuma san irin man da aka zuba ba. Kada ki jira ta kai ƙarshe.

Maman Ilham:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Zan nuna masa wannan bayanin.

Direban Kano-Abuja:
Ni a sati ina yin sawu uku ko huɗu, zuwa da dawowa ya haura kilomita 800. In na ce wata shida zan jira ai na kashe mota. Da mita nake aiki, 5,000 na cika nake shiga juye, wani lokaci sati biyu ma bai cika ba. Injina har yau ba a taɓa buɗe shi ba.

Injiniyan Zariya:
Daidai kake yi, kuma kai da sintetik na gaske za ka iya kai 7,000 zuwa 8,000 lafiya, domin tuƙin babban titi shi ne mafi sauƙi ga mai.

Wannan ya kawo ni ga 10,000 ɗin da mai shago ya gaya wa Abban Sadik. Akwai tarko biyu a ciki. Na farko, Malam, motarka 'yar Amurka ce, mitarta mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Wato 140,000 ɗin da kake gani ya haura kilomita 225,000. In makanike ya ce ka dawo bayan 5,000 yana nufin kilomita, kai kuma ka ƙirga a mitarka, to kilomita 8,000 ka yi. In ka bi ta mai shago ka ƙirga 10,000, kilomita 16,000 ke nan. Mutane da yawa masu motocin Amurka suna wuce lokacin juye ta wannan hanyar ba su sani ba.

Na biyu, gaskiya ne Toyota a Amurka ta yarda da mil 10,000 ko shekara ɗaya ga injin da ke shan 0W-20 sintetik. Amma a littafin nan dai an rubuta cewa in ana tuƙi a hanyar ƙasa ko mai ƙura, ko ana yawan barin inji yana aiki a tsaye, ko tafiyar hawainiya cikin cunkoso, ko jan kaya, to a koma mil 5,000 ko wata shida. Ku duba jerin nan ku gaya mini wanne ne ba rayuwarmu ta kullum ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana rufe mu, ƙura ce da ta fi gari laushi, tana ratsa duk wata matatar iska da ta tsufa. Ga tsayuwa a cunkoso da na'urar sanyi a kunne, inji yana juyawa mita ba ta ƙirgawa. Kamfanin Ford a littafin motocin 'yan sanda ya ƙiyasta awa ɗaya na aikin inji a tsaye da tafiyar mil 33. Ga ingancin fetur: shekaru da dama man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma yana ɗauke da sinadarin sulfa mai yawa, har wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kai a 2016, kuma kowa yana tuna gurɓataccen fetur na Fabrairun 2022. Ba a maganar na 'yan bumburutu da ake saya a galan in an matsu. Duk wannan a cikin baƙin mai yake ƙarewa.

Saboda haka abin da nake bai wa mutane shi ne: man gargajiya, kilomita 4,000 zuwa 5,000 ko wata uku zuwa huɗu. Sintetik na gaske, kilomita 7,000 zuwa 8,000 ko wata shida. A mitar Abban Sadik, mil 4,500 zuwa 5,000. Juyen duk wata irin na ƙanenka kuwa, in ba tafiyar haya yake yi ba, zubar da kuɗi ne kawai.

Abu Fatima:
Ni nakan duba ne in ga ko ya yi baƙi. In ya yi baƙi in juye, in yana nan jawur in bar shi.

Ɗan Maraɗi:
Malam Abu Fatima, launi ba ya nuna komai. Hilux gare ni mai gazuwal, wato dizal, ina shiga da ita ƙauyukan Dakoro da Tasawa. In an zuba sabon mai da safe, kafin la'asar ya yi baƙi ƙirin, kuma lafiyarsa lau. Aikin man ke nan, ya kwashe dauɗar ya riƙe ta a jikinsa. Ni 15W-40 na dizal nake sa mata, kilomita 5,000 in juye, in rairayi ya yi yawa ma ba na bari ta kai. Matatar iska kuwa ita nake fi sa wa ido, don a hanyoyinmu ita ce ke fara mutuwa.

Injiniyan Zariya:
Gaskiyarka ɗan'uwa. Kuma akasin haka yana faruwa ga waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Gas ba ya barin baƙin hayaƙi, sai man ya daɗe yana kyalli kamar sabo alhali sinadaran cikinsa sun ƙare. Masu gas su bi mita da kalanda, kada launi ya yaudare su. Murza mai tsakanin yatsu biyu ma ba gwaji ba ne.

Tunda ka ambaci na dizal, a duba bayan galan, akwai harufan API, masu nuna matakin ingancin mai. Wanda ya fara da S na fetur ne, wanda ya fara da C na dizal. Harafi na biyu yana nuna zamani: SL na 2001 ne, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho a injin fetur, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. Corolla 2013 tana son SN ko sama. In ka ga galan an rubuta SF ko SG, na injinan shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ne. Masu Marsandi da Volkswagen da Fijo na zamani kuma su nemi lambar ACEA, wato ma'aunin ingancin mai na Turai, da lambar amincewar kamfaninsu, irin 229.5 ta Marsandi ko 502 00 ta Volkswagen.

Alhaji Mai Shagon Mai:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Sana'ata ke nan, kuma zan faɗi abin da ya fi duk lambobin nan muhimmanci a kasuwarmu: jabu. Ka zaɓi 0W-20 ka zaɓi SP, in abin da ke cikin galan ɗin ba shi ba ne, me ka yi? Kuma mai tsadar, na waje, shi aka fi yi wa jabu, don a nan ribar take. Akwai masu bin gareji-gareji suna sayen galan da aka juye, masu tsabta, su ɗura musu ɗanyen mai da ba a haɗa masa sinadari ko ɗaya ba, ko tsohon mai da aka tace aka sa masa kala, su liƙe baki. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kamawa lokaci zuwa lokaci, amma ba su ƙare ba.

An taɓa kawo mini kaya a farashin da ya yi ƙasa da na dila. Na buɗe ɗaya na tsiyaya a farin faranti. A ido mai ne, amma da na karkata farantin sai ga wani baƙin gari-gari ya kwanta a ƙasa, ga warin ƙuna, zoben murfin kuma da gam aka manne shi. Na mayar musu da kayansu. Araha ba ta ado.

Shawarata, ka saya a babban gidan mai na kamfanin da kansa ko wajen dilan da aka sani. Ka duba zoben murfi bai tsinke ba, takardar bakin galan tana manne, lambar rukuni da kwanan wata suna nan ba a goge ba. Na gida ya kasance da tambarin MANCAP na hukumar SON. Kuma kada a raina na gida. Akwai masu haɗa mai a ƙasar nan da rajista, irin su Ammasco a Kano da Lubcon a Ilorin, ga su TotalEnergies da Conoil da Mobil. Na gida na gaske da ya dace da injinka ya fi na waje na jabu sau dubu. Man awo da ake ɗiba daga durom a kwalba kuwa, ban ce duka gurɓatacce ba ne, amma ba ka da hanyar sanin mene ne. Ka sayi manka da kanka, ka tsaya a buɗe shi a gabanka, in an gama ka huda galan ɗin da wuƙa kafin ka bar shi.

Abban Sadik:
Allah ya saka Alhaji. Lita nawa zan saya? Kuma makaniken ya ce tunda ban san abin da mai motar na farko yake zubawa ba, zai wanke cikin injin da kananzir kafin a sa sabo.

Baba Makanike:
Kul! Kada ka yarda. Kananzir ko dizal ba ya shafe ƙarfe, minti biyun da injin zai yi da shi yana cin metal. Kuma in akwai dauɗa a ciki, zai ɓamɓaro ta gaba ɗaya ta je ta toshe rariyar famfon mai. Na ga injin da ya shigo da ƙafarsa aka yi masa wannan wankin ya fita a kan igiya. Ka sa a buɗe murfin zuba mai a haska tocila. In ƙarfen ciki fari ne ko ruwan zuma, ba abin da za a wanke. In ka ga baƙar laka kamar kwalta, to a yi juye biyu ko uku a kusa-kusa, kowanne bayan kilomita 1,500 ko 2,000 da sabuwar filta, zai wanke a hankali. In ta yi yawa sai a kwance kwanon ƙasa a wanke da hannu.

Injiniyan Zariya:
A nan ni da Baba bakinmu ɗaya. Maganar lakar ma ba sabuwa ba ce: injin V6 na Camry da Sienna da Lexus RX300 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2002 sun yi suna da ita, har aka yi shari'a a Amurka aka sasanta a 2007, kuma irin waɗannan motocin suna nan da yawa a hannun mutanenmu. Masu su kada su yi wasa da lokacin juye. Masu Camry 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 kuma su sani an san wannan injin da shan mai saboda fistin da ringi, kamfanin da kansa ya fitar da sanarwar gyara. Mai kauri ko maganin kauri na gwangwani yana rage hayaƙin ne kawai, gyaran sai an sauya ringi.

Litar motarka 4.2 ce in an sauya filta. Galan mai lita 4 zai ɗan gaza, ka ƙara da ƙaramar lita ɗaya, ragowar ka ajiye a but don ciko. Galan ɗin Amurka kuwa lita 4.73 ne, kada a juye shi duka. In kana hanya mai ya ragu ba ka sami irin naka ba, ka cika da kowane mai kyau da ka samu, haɗuwarsu ba ta da illa, tafiya da ƙarancin mai ce mai illa.

Ɗan Sahu:
Don Allah mu masu Keke da babur fa? Za mu iya zuba na mota?

Injiniyan Zariya:
Babur da kulocinsa ke jiƙe cikin mai yana son wanda aka rubuta JASO MA ko MA2. Siririn man mota na zamani yana sa kuloci santsi. Ka nemi na babur mai alamar 4T.

Maman Ilham:
Wata tambaya kuma. Wajen da nake juye sukan ce filta tana iya yin juye biyu, a bar ta sai na gaba. In yarda?

Baba Makanike:
A'a Hajiya, kada ki yarda. Tsohuwar filta cike take da tsohon mai da dauɗa, in ta toshe kuma akwai ɗan bawul a cikinta da yake buɗewa mai ya wuce ba tacewa. Kuɗinta bai kai rubu'in kuɗin man ba. Duk juye a sauya, kuma a sayi mai kyau, don ita ma akwai jabunta, za ki ji ta shafal a hannu. A shafa ɗan sabon mai a robar bakinta, a ɗaure da hannu, ba da sifana ba.

Abban Sadik, taka Corollar ma ba ta gwangwani ba ce, ta takarda ce da ake sakawa cikin kofi. Ka tsaya a kansu, don wasu yaran da fetur suke wanke tsohuwar su mayar. Sabuwar tana zuwa da zoben roba a kwalinta, a cire tsohon a sa shi. Kofin kuma da makullinsa na musamman ake kwance shi, in aka sa guduma da kurfi sai ya tsage. In an gama a tayar da mota minti biyu, a leƙa ƙasa a ga ba ɗigo a kofin da noti, a kashe, a jira, a sake zaro geji. Sannan ka rubuta lambar mita da kwanan wata a takarda ka liƙa a jikin ƙofar direba, ka rubuta mil a gefen lambar don wanda zai yi maka juye na gaba ya san da me ake ƙirgawa.